Ba Girman Jif Ke Tsayar Da Ita Ba

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma na kishi ba. Maganar taya na zo da ita, tayar mota. Na san wani zai yi dariya ya ce me ya haɗa marubuciya da sana'ar masu faci, to amma ina roƙon a yi haƙuri a bi ni a sannu, domin magana ce ta rai, kuma gidaje da yawa a yanzu suna da ɗa ko ƙane ko miji wanda karatu ko neman abinci ya kai shi ƙasashen sanyi.

Duk wanda ya saba da littattafanmu ya san matsayin jif a zuciyar Bahaushe. Da zarar an ce Alhaji ya faka wata dalleliyar jif baƙa wuluk a ƙofar gida, to an gama bayani, ba sai an faɗi abin da ke asusunsa ba. Mun tashi da tunanin cewa girman mota shi ne tsaro, wanda ke cikin babba ya fi na cikin ƙarama kwanciyar hankali. A hanyoyinmu na gida maganar tana da ƙamshin gaskiya, saboda ramuka da yashi da taɓon damina. Sai dai akwai ƙasar da wannan lissafi ba ya aiki, kuma Allah Ya nufa na je na gani da idona.

Autanmu yana zaune da iyalinsa a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba da ke tsakiyar ƙasar Kanada. A ƙarshen shekarar 2022 matarsa, wadda 'yar ƙanwar mahaifiyarmu ce, ta haifi 'yan biyu a kan yara uku da suke da su. Da yake Hajiyarmu ƙafa ta matsa mata ba ta iya doguwar tafiya, sai aka ce ni zan je na zauna da maijego. Tun kafin haihuwar, da likita ya shaida musu biyu ne, Auta ya sayar da 'yar ƙaramar motarsa ya sayi wata ƙatuwar jif ta hannu mai kujera takwas, domin kujerun jarirai biyu da yara uku ba za su shiga ƙaramar ba. Ranar da ya turo hotonta gida har guɗa aka yi.

Sai na ɗan yi muku bayanin sanyin garin kafin ku fahimci sauran zancen. A watan Janairu ma'aunin zafi kan tsaya wajen digiri 16 ƙasa da sifili, wasu dararen kuma ya gangara har 30. Motocin garin za ka ga wata 'yar igiyar lantarki tana reto a gabansu, da dare ake jona ta da wuta don kada inji ya daskare ya ƙi tashi da safe. Dusar ƙanƙarar da ta zuba a Nuwamba ba ta narkewa sai wajen Maris ko Afrilu. Motoci suna bi ta kanta suna dandanne ta, musamman a mahaɗar hanya inda kowa ke taka birki, har ta koma sumul tana sheƙi kamar an goge daɓe. Gishirin da ake watsawa don ya narkar da ita ƙarfinsa yana raguwa idan sanyi ya tsananta, shi ya sa hukumar birnin ta fi dogara da watsa yashi.

Ina da kamar kwana goma a garin muka fita za mu kai jarirai awo. Auta na tuƙi, ina gaba, maijego na baya da 'ya'yanta. Ba gudu yake yi ba, ga Allah ga Annabi tafiyar hawainiya muke yi. Muna isowa wata mahaɗa mai allon tsayawa ya taka birki. Sai na ji wata ƙara gir-gir-gir daga ƙarƙashin ƙafarsa, motar kuwa ta ci gaba da sulalewa abinta kamar ba da ita ake ba. Muka wuce allon, muka wuce layin masu tafiya a ƙasa, sai da muka kai tsakiyar mahaɗar sannan ta ga dama ta tsaya. Ban da salati babu abin da ke fita daga bakina. Daga hannun damanmu wata 'yar tsohuwar mota ƙarama tana tahowa, wata dattijuwa ce ke jan ta, ta taka birki ta tsaya cak, tsakaninta da ƙofar da jariri yake bai fi taku biyu ba. Ta ɗaga mana hannu, muka wuce jiki a sanyaye.

Ban yi magana a mota ba. Sai da muka koma gida aka kwantar da yara na kira shi falo.

Na ce, "Auta, me ya sami birkin motarka?"

Ya ce, "Yaya, birki lafiyarsa ƙalau. Ƙarar da kika ji na'ura ce mai hana ƙafafu kullewa. Santsi ne kawai ya yi yawa."

Na ce, "To ita waccan baiwar Allah da ta tsaya, a kan kwalta daban take?"

Ya yi shiru. Can ya ce tayoyin da motar ta zo da su sun soma cinyewa, dama yana da niyyar canza su ƙarshen wata. Ya buɗe waya ya nuna min waɗanda ya zaɓa, an rubuta musu All Season, wato tayar kowane lokaci. Ya ce da ya sa su shi ke nan, rani da damina da hunturu ba ruwansa da canji.

A gaskiya hujjojinsa ba na banza ba ne. Tayar babbar jif tsada gare ta, guda huɗu kuɗi ne masu kauri, balle a ce takwas. Ga hidimar 'yan biyu, ga haya, ga abin da yake tura wa Hajiya duk wata. A bene suke zaune, babu gareji, ina zai jibge tayoyi huɗu rabin shekara? Sannan babbar hujjarsa ita ce motar mai ja da ƙafa huɗu ce, a ganinsa wannan kaɗai ya wadatar. Ni kuma abin da na riƙe guda ɗaya ne, na ga ƙaramar mota ta tsaya, babba ta ƙi tsayawa, a kan hanya ɗaya, a lokaci ɗaya. Dole akwai dalili.

Dalilin ya fara fitowa ne daga bakin wani dattijo maƙwabcinsu, haifaffen lardin, wanda ya yi shekaru yana tuƙin manyan motoci kafin ya yi ritaya. Matarsa ta kawo wa jarirai huluna da ta saƙa, shi kuma ya rako ta. Da zancen ya zo, Auta yana fassara min, sai tsohon ya sa muka sauka wajen ajiye motoci. Ya ce na danna farcena a jikin tayar Auta. Na danna, na ji ta ƙiƙam kamar ƙashi. Ya kai ni wajen tasa motar na danna, sai na ji tana lotsawa kamar danƙo, alhali sanyi ɗaya suka kwana a ciki.

Ashe roba ma tana daskarewa, kamar yadda man kaɗanya ke yi mana da hunturu. Masu ƙera taya suna cewa daga digiri 7 zuwa ƙasa, robar tayar kowane lokaci takan fara taurarewa, kuma taya mai tauri ba ta iya manne wa hanya. Ita tayar hunturu an haɗa robarta ne yadda za ta zauna da laushi ko da sanyi ya kai inda ya kai. Ban da haka, idan ka duba zanenta da kyau za ka ga ƙananan tsaga-tsaga birjik kamar an yi mata da reza, kowace tsaga tana buɗewa ta ciji ƙanƙara idan taya ta taka. Manyan ramukan zanen kuma suna cika da dusar, dusar cikin taya ta kama dusar kan hanya, kamar yadda curin fura ke kama ɗan'uwansa.

Daga baya ni da maijego muka zauna muna bincike a waya tsakanin shayarwa da shayarwa. Muka tarar tayar hunturu ta girmi tayar kowane lokaci nesa ba kusa ba. A ƙasar Finlan aka fara yin ta a 1934 domin manyan motoci, kamfanin da a yau ake kira Nokian, sannan a 1936 suka fitar da ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta, wadda har yanzu ake sayar da jikokinta. Ita kuwa ta kowane lokaci sai a 1977 kamfanin Goodyear ya fito da ita a Amurka da sunan Tiempo, domin sauƙaƙa wa mutanen da suka gaji da canjin taya sau biyu a shekara. Kuma ta yi amfani ƙwarai a wuraren da sanyinsu bai taka kara ya karya ba, inda dusar kan zuba yau gobe ta narke. Ba tayar banza ba ce. Matsalar dai sunanta ya fi ƙarfinta, lokutan da aka ƙirga da aka raɗa mata suna babu Janairun Winnipeg a ciki.

Saura maganar ƙafa huɗu, wadda ita ce ta fi ruɗar Auta. Tsohon direban ya warware ta cikin sauƙi. Ya ce jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ne wajen tashi da hawan tudu da fita daga inda ta kafe. Amma wajen tsayawa, kowace mota a duniya da ƙafa huɗu take taka birki, ƙarama da babba, don haka jif ba ta fi kowa da komai ba. Har ma ya ce jan ƙafa huɗun yana yaudarar direba. Mai ƙaramar mota tun daga ƙofar gida zai ji ƙafafunsa suna wulwulawa, ya san yau akwai santsi, ya shiga taitayinsa. Mai jif kuwa zai tashi sumul bai ji komai ba, ba zai san halin da hanya take ciki ba sai ya zo tsayawa, lokacin da sanin ba shi da sauran amfani.

Ga kuma nauyi. Manyan jif irin su Chevrolet Suburban da Toyota Sequoia da Ford Expedition kowace ta kai wajen kilo 2,500 tun ba a ɗora mata kowa ba, alhali Corolla ba ta wuce wajen kilo 1,400 ba. Duk wannan nauyi, da mutanen da ke ciki, a kan wurare huɗu yake tsaye, kowane bai fi tafin hannun babban mutum da wani abin kirki ba. Nan ne kaɗai mota ke taɓa ƙasa. Inji da birki da sitiyari da duk na'urorin da aka cika motar da su, umarni kawai suke bayarwa, taya ce mai aiwatarwa. Idan ta kasa riƙe ƙasa, sauran duk sun zama 'yan kallo. Sannan idan mutum ya ninka gudunsa sau biyu, nisan da zai ci kafin ya tsaya sau huɗu yake ninkuwa.

Da Auta ya ga hujja ta yi masa yawa, sai ya nuna min haruffan M+S a gefen tayar da ya zaɓa, ya ce ai ga shaida nan, ma'anarsu taɓo da dusar ƙanƙara. Nan ma muka bincika. Ashe waɗannan haruffa ana bayar da su ne bisa siffar zanen taya kawai, ba tare da an kai ta kan ƙanƙara an gwada ba. Shaidar da ake dubawa daban take: wani ɗan hoton dutse mai ƙololuwa uku, da tauraron dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada ne suka fito da shi a 1999, kuma ba a buga wa taya shi sai an gwada ta a kan dandanniyar dusa ta fi tayar da ake awo da ita riƙo da kimanin kashi 10 cikin ɗari. A lardin Quebec ma doka ce tun 2008 kowa ya sa tayar hunturu, kuma daga 2019 wa'adin ya koma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Wanda ya fita da mai M+S kaɗai a can tara zai biya.

A nan ne muka gano akwai taya ta uku, wadda zan kira ta tsaka-tsaki. A jikinta ana rubuta All Weather, sunan ya yi kama da na farkon har yana rikita mutane. Ana barin ta a mota shekara zagaye, amma tana ɗauke da hoton dutsen nan. Irin su Michelin CrossClimate 2 da Toyo Celsius da Nokian WR G4 duk a wannan sahu suke. Duk wanda ya dage shi taya huɗu kaɗai zai iya saya a ƙasar da ake dusar ƙanƙara, to wannan ce tasa, kada ya bi suna, ya nemi hoton. Auta ya yi murna ya ce an zo wajen. Sai dai da muka je shagon taya, mai shagon, wanda ko wacce muka saya riba zai ci, ya faɗa mana gaskiya. Ya ce gwajin da ake yi kafin a buga hoton na jan mota ne a kan dusa, ba na taka birki a kan daskararriyar ƙanƙara ba. Ya ce da a Vancouver ko Toronto muke da ya ce mu ɗauki ta tsaka-tsaki mu huta, amma a garin da ake wata huɗu a kan ƙanƙara, da mota mai wannan nauyi, da jarirai a baya, shi dai da tasa ce ta hunturu zalla zai sa, irin su Bridgestone Blizzak ko Michelin X-Ice ko Hakkapeliitta. Ya ƙara da cewa akwai ma masu ƙusoshi a jiki, waɗanda dokar Manitoba ta yarda a hau daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Auta ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, kin san fa nauyin da ke kaina."

Na ce, "Na sani, Auta. Amma zo mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mai takalmi biyu da mai takalmi ɗaya, wa zai riga komawa kasuwa?"

Domin kuwa yayin da tayoyin hunturu ke kan mota, na rani suna hutawa, kowane saiti rabin shekara yake aiki, don haka zai daɗe kusan ninki. Kuɗin dai ana fitar da su ne da wuri, ba wai sun tafi a banza ba. Abin da ya ƙaru na gaskiya shi ne kuɗin canji sau biyu a shekara da na ajiya, don shagunan suna ajiye wa mutum tayoyinsa ya biya. Mai shagon ya kuma tuna mana cewa hukumar inshorar motoci ta lardin, Manitoba Public Insurance, tana da shirin da ta fara a 2014 na ba da rancen da a lokacin ya kai dalar Kanada 2,000 don sayen tayar hunturu, a biya a hankali. Auta ya ce shi ba ya son rance mai ruwa ko kaɗan ne, na ce wannan kuma ka yi daidai.

Maijego ce ta raba gardamar. Da muka koma gida ta ce, "Abban yara, kuɗin da muke tarawa na zuwa gida da Babbar Sallah, a taɓa su. Gara mu je baɗi gaba ɗayanmu." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da jijjiga yaronta. Washegari ya koma shagon.

Wajen sayen na ƙara koyon wasu abubuwa da suka shafi babbar mota musamman. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da aka manna, ita ke faɗin girman tayar da motar ke buƙata da yawan iskar da za a ba ta. Idan ka ga an rubuta, misali, 275/60R20 115T, to 275 faɗin taya ne da milimita, 20 girman wili ne da inci, ita kuwa 115 ita ce mai muhimmanci ga mai jif, domin tana nufin kowace taya za ta iya ɗaukar kilo 1,215. Ko an samu mai araha, idan lambarta ta gaza wadda aka rubuta a ƙofa, a bar ta. Na biyu, huɗun ake canzawa gaba ɗaya. Wanda ya sa biyu a gaba kawai, gaban motar zai riƙe ƙasa, bayanta ya juyo ya wuce shi a kan kwana. Na uku, zurfin zane: doka tana barin taya har ta kai milimita 1.6, amma a kan dusa da ta sauko wajen milimita 4 ta soma gajiya. Na huɗu, sanyi yana rage iskar taya, duk saukar digiri 5 ko 6 awon iska yana raguwa da kusan ɗaya, don haka a riƙa dubawa da safe kafin a hau. Na ƙarshe, shekarun taya suna rubuce a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 3522, an yi ta ne a mako na 35 na shekarar 2022.

Wata huɗu na yi a garin, mun bi ta wannan mahaɗa ba adadi, kuma ban sake ganin motar ta ƙetare allon ba. Duk da haka tsohon direban bai bar Auta ya saki jiki ba. Kullum suka haɗu sai ya tuna masa cewa taya tana rage santsi ne, ba ta kashe shi, akwai ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganin ta sam, musamman a kan gada, maganinta kawai rage gudu da barin tazara. Wata safiya bayan an kwana ana iska muka bi babbar hanyar da ta zagaye birnin, na ƙirga motocin da suka zame suka faɗa gefen hanya, akasarin waɗanda na gani da idona manya ne masu ja da ƙafa huɗu.

Akwai ɗan abin da ya shafe mu a gida ma. Tun da na dawo Kano idona ya buɗe, sai nake ganin hoton dutsen nan a jikin tayoyin Beljiyam da ake jibgewa a bakin hanya. Tayoyin hunturu ne da masu su suka gama da su a can aka loda mana. Robar da aka yi don ta zauna da laushi a cikin ƙanƙara, idan ta hau kwaltar Afrilu da rana ta kai digiri 40, saurin cinyewa take yi, birkinta kuma ba ya kai na tayar da aka yi domin zafi. Don haka hoton da yake abin nema a can, a nan abin dubawa ne da kyau, tare da lambobi huɗun nan na shekara.

Shawarata ga iyaye da yayye da matan da nasu ke zaune a ƙasashen sanyi ita ce, ranar da aka turo muku hoton sabuwar jif, ku yi murna, ku sa albarka, ku yi addu'ar Allah Ya tsare. Bayan nan sai ku ce a durƙusa a ɗauko muku hoton gefen tayar. Ku nemi ɗan dutsen nan mai ƙololuwa uku. Idan babu shi, kuma garin ana dusar ƙanƙara, kada ku yi shiru don kunya ko don gudun a ce kun cika sa ido. Tsaro na Allah ne, amma Shi ne Ya hore mana hankali da sababi.

Allah Ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, Ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam, sai mun sake haɗuwa.